Tarin Fukan da Bai Zo da Tari Ba

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani. Sunana Talatu. A Garuwa aka haife ni, a nan nake aure, kakannina fatake ne da suka zo ciniki ba su koma ba. Rubutu a makarantar manya na koye shi bayan na yi furfura, wanda ya ga karkata ya yi haƙuri. Abin da ya same mu a gidan nan nake so in ajiye a rubuce, don na gaji da faɗarsa a gidajen suna ana cewa na cika tsorata mutane.

Mijina Alhaji Isa dillalin shanu ne a kara. Jarinsa muryarsa ce. Yana tsaye tsakanin Bafillace da mahauci, ya juya nan da Fillanci, ya juya can da Hausa, in ya ce "Albarka!" har masu shayi na bakin titi sai sun waiwayo. Bayan babbar salla muryar ta dushe. Ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, kowace shekara haka take yi masa bayan hada-hadar layya, ta huta ta dawo. Wannan karon ba ta dawo ba.

Makonnin farko zuma ce da citta da kanumfari. Ya sayi kafso ja da baƙi wajen mai tallar magani a bakin kasuwa, ya shanye, ya ƙara saye. Tari kuwa babu. Ku riƙe wannan, don shi ya ruɗe mu duka. Gyaran murya kawai yake yi, kamar mai shirin yin magana, sai maganar ta fito a shaƙe.

A wata na biyu haɗiya ta zama aiki. Ya ce kamar ƙayar kifi ta tsaya masa, in ya haɗiye zafin har cikin kunne yake harbawa. Ya bar tuwo ya koma kunu. Da safe in na ɗaga matashin kansa sai in tarar ya jiƙe sharkaf, in ce ai zafin Garuwa ne, wa bai jiƙe ba. Sai na ga ya ƙara ɗaure mazagin wandonsa, rigunansa kuma sun fara rataye a jikinsa kamar a kan ƙusa.

Yayarsa, Yaya Mairo, ita ce babba a danginsu, maganarta ba a mayarwa. Ta zo ta sa shi ya buɗe baki a rana, ta leƙa, ta ce, "Beli ne. Ya sauko ya tokare masa wuya."

Na ce, "Yaya, ba an cire masa beli tun yana jariri ba? Ke kika ba ni labari."

"Ya sake tsirowa. Ke da kika shiga makaranta jiya za ki koya mini wuyan ƙanena?"

Aka kira wanzami. Ya zo da zabirarsa, ya danne harshen Alhaji, ya ce lalle akwai saura, ya yanka. Jinin da na kwashe a tsakar gidan nan ko na ɗan akuya sai haka. Kwanaki ko ruwa sai da hawaye yake wucewa. Da ciwon ya lafa, guntuwar muryar da ta rage ita ma ta tafi, sai raɗa. Yaya ba ta ce ta yi kuskure ba. Cewa ta yi yanzu magana ta fito fili, wani abokin hamayya ne a kara ya ɗaure masa murya. Aka shiga kawo rubutu a galan, mutumin da yawunsa ma ya gagare shi. Aka turara shi da hayaƙi a rufe cikin bargo, ya fito idanu waje yana neman iska.

Ranar na ce ya isa. Na tare kalando, wato babur ɗin haya, na ɗora shi, na hau wani na bi su zuwa lopital, wato asibiti. Muka yi layi tun hantsi har rana ta take. Wani matashin likita ya haska bakinsa da fitilar waya, ya ga aikin wanzami, ya yi ta faɗa da Faransanci. Ya tambaya, "Yana tari?" Muka ce a'a, kuma gaskiya muka faɗa. Ya ce anjin ne, kumburin maƙogwaro, ya rubuta magani. Ban riƙe shi a zuciya ba, layin da ke bayanmu ya kai bakin ƙofa. Amma da ya ƙara tambaya ɗaya, da ya ce yana zufa, yana ramewa, da labarin nan ya gajarta.

A cikin wannan hali 'yarmu Rabi ta iso. A Kolofata take aure, mijinta Modu hatsi yake sayarwa. Cikin fari ne, dama gida za ta zo haihuwa, amma fitinar masu bindiga ta kan iyaka ta sa aka turo ta da wuri, a bayan motar kaya, ƙafafu a kumbure. Da lokaci ya yi ta sauka lafiya, ta haifi mace.

A danginsu Alhaji duk jaririn da aka haifa shi ake miƙa wa kafin kowa. Shi ke yi masa kiran salla a kunnen dama, iƙama a na hagu, ya tauna dabino ya shafa masa a dasashi. Na 'yan'uwa ma daga wasu unguwanni ake kawowa. To balle jikarsa. Na naɗe ta a zane na sa masa a hannu, ni da kaina. Da yake murya babu, sai da ya ɗora leɓensa a kan kunnenta. Ya tauna dabinon da ƙyar, yana yamutsa fuska, ya lakato da yatsa ya sa mata a baki, ta tsotsa. Yaya ta yi guɗa ta ce, "Ka gani? Wannan aikin ba ruwansa da murya." Ranar suna aka raɗa mata Zainabu.

Kara kuwa ya daina zuwa. Dillalin da ba a jin sa, me zai je yi? Yana ɗakinsa, taga a rufe, don da yamma sanyi yake ji ko ana zafin da ƙarfe ke ƙona hannu. Rabi tana wankan jego safe da yamma, ni ina fama da itace da tukunya da kunun kanwa da suyar ƙuli-ƙulin da nake sayarwa. Wa zai riƙe jaririya? Alhaji. Yini take yi a ƙirjinsa. In na leƙa sai in tarar ya kusanto da fuskarsa tata yana yi mata raɗa, yana gaya mata kuɗin bijimi da na karsana.

Na ce, "Tsoho, ka samu amarya ko sadaki ba ka biya ba."

Ya yafito ni, na sunkuya, ya ce, "Ita ba ta yi mini tsawa."

Na yi dariya na ja musu ƙofa don kada hayaƙin murhu ya shiga. A watannin nan duka, nan ne kaɗai nake ganin haƙoransa.

Zainabu ta yi kamar wata guda sai numfashinsa ya fara fito. In ya ja iska sai ka ji wani siririn sauti, fiii, kamar iska a ƙofar langa-langa. Daga masallaci zuwa gida sai ya tsaya ya dafa bango. Na sake ɗora shi a kalando. A teburin karɓar marasa lafiya na ce wa mai rubutu, "Ɗana, ka dube ni da kyau. In aka sake ce mini anjin, a bakin ƙofar nan zan shimfiɗa zane in kwanta, ku dinga tsallake ni." Ya ce, "Mama, ba faɗa ba ne." Na ce faɗa ne. Ya tura mu wajen likitar kunne da hanci da maƙogwaro, wadda ba kullum take zama ba. Sai da muka jira ranarta.

Mace ce, 'yar kudu, ba Hausa ba Fillanci. Wata nas mai suna Aisatu ke juya mana maganarta, Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri. Likita ta fesa masa wani abu a hanci, ta zura siririyar igiya mai fitila a kai, tana kallo ta ɗaya bakin. Ta daɗe. Ta daɗe har na fara karanta duk abin da na sani. Da ta zare ta ce abu biyu take zato, ko ciwon daji ko tiberkiloz. Aisatu ta dube ni ta ce da Hausarta, "Tarin fuka."

Na ce, "Ki gaya mata ba ya tari."

Likita ta ce ba dole ba ne. Wani lokaci a maƙogwaro yake zama, ya ci wurin da murya ke fita. Ta tura mu radiyo, wato hoton ƙirji, aka ba shi ɗan gwangwani ya tofa kaki, aka ɗebi jini don a duba sida, wato ƙanjamau. Jiran sakamakon nan ba na yi wa maƙiyina fatan sa. Ina addu'a ban san wanne zan roƙa ba a cikin biyun.

Jini ya fito lafiya. Hoto ya nuna tabo a saman huhu. Kaki kuma ya tabbatar. Likita ta ce mu gode wa Allah, wannan yana warkewa in an sha magani wata shida ba fashi. Har na fara sakin numfashi sai ta ɗauki biro ta ce, "Su wa ke kwana a gidan? Akwai ƙaramin yaro?"

Na ce akwai jaririya, ba ta yi arba'in ba.

"Wa ke riƙe ta?"

Alhaji ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Ta ajiye biron. Abin da ta faɗa, yadda Aisatu ta juya mini shi, har yau yana kunnena: "Na cikin ƙirji yana da tafiya kafin ya fito. Wannan a bakin ƙofa yake zaune. Magana ta ishe shi, raɗa ma ta ishe shi. Babba yana iya ɗauka ya yi shekaru bai sani ba. Jariri ba ya jira, kuma in ya hau masa kai ba ma iya alkawari. Ku kawo ta gobe. Ku kawo kowa."

A bakin get ɗin lopital Alhaji ya riƙo mayafina. Na sunkuya, sai na tuna, na ɗan ja baya, ya kuwa lura. Ya ce kada kowa ya ji, a ce ciwon wuya ne. A kara ba mai sake ba shi hannu, mahauta za su ce daga shanunsa ya ɗauka, kuma na san abin da mutane ke haɗa tarin fuka da shi. Ga surukai suna hanya.

Na ce, "Alhaji, tunda aka kawo ni gidanka ban taɓa ɗaga maka murya a titi ba. Kada ka sa in fara yau."

Muna isa na kwashe shimfiɗarsa na mayar ɗakin kusa da zaure, na ɓalle tagar da ta daɗe a rufe. Na gaya wa Rabi, ta rungume 'yarta ta zauna a ƙasa. Na gaya wa Yaya, ta ce, "A danginmu babu wannan cuta." Na ce yanzu akwai.

Mu manya aka duba ba a ga komai ba. Zainabu hotonta bai nuna abu a fili ba, ga ta ɓul-ɓul, wuya ninki-ninki. Aka ba ta maganin kariya, 'yar ƙwaya da za a niƙa a ruwan nono kowace safiya har wata shida, a riƙa kawo ta awo. Likita ta ce in ta yi zazzaɓi, ko ta ƙi nono, ko ta yi laushi, kada mu jira komai. Na Alhaji manyan ƙwayoyi ne, kafin karin kumallo, da wannan wuyan nasa. Fitsarinsa ya koma ja kamar zoɓo, da Aisatu ba ta gargaɗe mu ba da Yaya ta ce jini ne ta hana shi sha. Maganin kyauta ne, na gode wa duk wanda ya sa haka. Amma kafin mu iso ga kyautar, bijimin da yake kiwo ya tafi a kafso da rubutu da hoto da kuɗin kalando.

Ranar arba'in uwar Modu, Hajja Falmata, ta iso da mota don ɗaukar surukarta da jikarta, kamar yadda aka saba. Na riga na haɗa gara, buhun shinkafa da man gyaɗa da nakiya. Ashe sun bar Kolofata sun koma wani ƙauyen danginsu, can ciki, asibiti nesa, an hana babur a yankin, hanya kuma sai sojoji sun ga dama. Bayan an gaisa na gaya mata komai, ban rage ba. Yaya tana ta mintsinina.

Hajja ta ɗaga Zainabu ta juya ta ta ce, "Wannan ce marar lafiya? Dubi cinya. Mu ba ma ɗura wa lafiyayye magani. Ba ni ita in fitar da ita daga gidan cutar, shi ne maganin."

Na ce, "Hajja, in ta riga ta shiga jikinta, da ita za ku tafi. In ta tashi a can, wa zai gane ta?"

"Allah yana can ma."

"Yana can. Likitar ce ba ta can."

Alhaji yana tsaye a tagarsa. Na ga bakinsa yana motsi, na gane abin da yake cewa, 'yar mutane ce, a ba su. Ba wanda ya ji shi, ni kuma ban juya musu ba. Aka fara kai kaya mota. Na ce a miƙo mini yarinyar in yi mata sallama. Na karɓa, na goya ta, na ɗaure majanyi tamau, na kifa turmi a tsakar gida na zauna.

Na ce, "Hajja, ga Rabi nan, matar ɗanki ce, in ta yarda ki tafi da ita. Wannan tana bayana sai likita ta sallame ta. Mai ƙarfi ya zo ya kwance."

Yaya ta ɗora hannu a ka. "Talatu, za ki kashe wa 'yarki aure! Wa ya taɓa yin haka?"

Hajja ta kira Modu a waya ta miƙa wa Rabi. Muna jin muryarsa daga inda muke: in ba ta hau motar nan ba, ta san sauran. Rabi yarinya ce mai sanyi, ba irina ba, kuma tana son mijinta. Ta tsaya da wayar a hannu tana kuka. Sannan ta fita, na ɗauka ta tafi kenan. Sai ga ta ta dawo da ƙullin kayanta a ka, ta wuce ɗaki. Suka tafi ba su taɓa abincinmu ba, garar ma a zaure suka bar ta.

Kafin magariba unguwa ta ɗauka. Masu aiko yara sayen ƙuli-ƙulina suka ɗauke ƙafa. Yaya ta daina gaishe ni. Zainabu kuwa tana ta wutsil-wutsil, lafiya lau, har ni kaina wasu ranakun in na dube ta sai in ce anya, Talatu?

Awo na gaba sikeli bai motsa ba. Na bayansa ya ja baya. Sai ɗan zazzaɓi da yamma, sai ta kama nono ta saki. Wata rana da azahar na ɗauke ta na ji ta yi laushi kamar tsumma, tana wani ɗan tari siriri. Ko tukunya ban sauke ba muka nufi lopital. Likita tana ganinmu ta miƙe. Aka zura mata roba ta hanci aka zuƙo ruwan ciki, aka sake hoto, wannan karon ya nuna. Ashe ta riga ta kama tun kafin a fara kariyar. Aka kwantar da mu, aka juya ta ga cikakken magani, allura a fatar kai don jijiyar hannu ta ɓuya.

A gadon kusa da namu akwai wani yaro da aka kawo daga nesa, wajen Rey Bouba. Wuyansa ya sandare, maɗigarsa ta kumbura, idanu sun juye. Uwarsa ta ce kakarsa ce mai tari a gida. Muna nan aka rufe shi da zanen goyonsa. Rabi ta bi uwar da kallo har ta fita.

Kullum na dawo gida ɗaukar abinci ina tarar da Alhaji tsaye a zaure. Ba ya tambaya. Fuskata yake karantawa, in gyaɗa kai, ya koma ciki.

Zainabu ta tashi. Ta daɗe tana fama, ta rame har wuyan nan ya zama tsinke, amma ta tashi, ta gama maganinta, likita ta sallame ta. Modu har yau bai aiko da saki ba, bai kuma zo ba. Rabi tana nan ɗakinta tana ɗinki, ba ta taɓa ce mini na kyauta ba, ba ta ce na ɓata ba. Alhaji ya cika wata shidansa, kaki ya fito fes. Murya ta dawo rabi, a goge, kamar ana jan kwano a kan siminti. Likita ta ce tabon ba zai tafi ba. Kara sai dai ya je ya zauna a benci ya kalli yaran da ya koya wa aiki.

Ku da kuke karantawa, muryar da ta dushe ta wuce mako uku, ga rama, ga zufa, ga zafin haɗiya, kada ku jira tari. Kada ku kira wanzami. In likita ya tambaye ku abu ɗaya, ku gaya masa sauran ko bai tambaya ba. Kuma kafin a gane ko mene ne, kada a sa wa mutumin jariri a hannu, ko shi ne liman, ko shi ne uban gida, ko zai yi fushi. Fushi yana wucewa.

Tun wata na biyu na magani likita ta ce Alhaji zai iya ɗaukar jikarsa, ba sauran haɗari. Ta faɗa, Aisatu ta maimaita, ni ma na faɗa har na gaji. Bai ɗauke ta ba. An haifi yara biyu a dangi bayan nan, ya ce a kai wa liman. Yanzu Zainabu tana tafiya, zaure take nufa kai tsaye, ta dafa gwiwarsa tana ja masa gemu tana gwalantu. Yana amsa mata, duk abin da ta ce yana amsawa. Amma hannayensa suna bayansa, kuma kafin ya buɗe baki sai ya juya fuskarsa ga bango.